Yadda ake shirya taron jama'a a laburare, ya kuma ɗore

Shirin laburare yakan mutu ne a zama na uku. Ranar buɗewa ɗaki ya cika, an yi jawabi, an ɗauki hoto. Mako na biyu rabin mutanen suka dawo. Mako na uku mai jagorantar zaman ya makara, aka tarar an kulle ɗakin, iyaye suka juya da 'ya'yansu, daga nan sai a fara cewa mutanen wurin ba sa son karatu. Alhali abin da ke riƙe shiri bai wuce abu huɗu ba: a yi abin da mutane suka nema da bakinsu, a rana guda, a lokaci guda, a hannun mutum guda da aka san shi ne da alhakin abin. Ga yadda ake bi.

A fara da littafin tambayoyi

Kafin a zaɓi shiri, a ajiye ƙaramin littafin rubutu a teburin karɓar baƙi na tsawon mako biyu zuwa uku. Duk tambayar da wani ya kawo wadda ba a iya warware masa ita cikin minti biyar ba, ma'aikaci ya rubuta ta a layi ɗaya, da kimanin shekarun mai tambayar da lokacin da ya zo. Ba a rubuta suna. "Ina so in cike fom ɗin neman aiki a intanet." "Yarona yana aji uku, har yanzu ba ya haɗa baƙi." "Akwai inda zan zauna mu yi bitar jarrabawa mu huɗu ba a ce mun yi surutu ba?" Idan lokacin ya cika, a ƙirga. Tambayar da ta fi maimaituwa ita ce shirin farko, ko da ba ita ce ma'aikata suka fi sha'awa ba.

Shiri ɗaya za a fara da shi. Laburaren da ke da ma'aikata biyu ya buɗe shiri biyar a wata guda, to ya shirya rufe huɗu.

Kada kuma a sa kuɗin shiga. Sanarwar UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kan ɗakunan karatu na jama'a, wadda aka fara fitarwa a 1949, aka sake rubuta ta a 1994 tare da IFLA, tarayyar ƙungiyoyin ɗakunan karatu ta duniya, aka kuma sabunta ta a 2022, ta tsaya a kan cewa hidimar laburare kyauta ce a bisa ƙa'ida, kuma kowa da kowa ke da damar shiga, ba tare da duba shekaru, jinsi, addini, harshe ko matsayi ba. Bayan ƙa'ida akwai dalilin aiki: wanda kuɗin shiga zai hana zuwa, yawanci shi ne wanda aka yi shirin dominsa.

Rana, lokaci da ɗaki

A zaɓi ranar da za a iya faɗa a numfashi ɗaya: kowace Asabar ƙarfe goma na safe, ko Larabar farko ta kowane wata. Lokacin da ke sauyawa mako-mako ba ya zama a kan mutane. A duba kada ya ci karo da makaranta, aiki ko ibada na waɗanda ake nema, sannan a yi alkawarin zama shida a jere ko da mutum uku ne suka zo. Ba a yanke wa shiri hukunci kafin zama na shida.

A shiga ɗakin da ido irin na baƙo. Hanyar da ke tsakanin kujeru ta kai santimita 90 don keken guragu ya wuce. Ƙofar fita ta kasance a buɗe, ba a jingina komai a bayanta ba. Wayar wuta kada ta ratsa inda ake takawa. In dole ne, a liƙe ta a ƙasa da salatif mai faɗi. A gwada majigi da lasifika kwana ɗaya kafin taro, a ainihin soket ɗin da za a yi amfani da shi. Sannan a tambayi kai: in wuta ko intanet ya ɗauke, me za a yi a wannan awar? Amsar ta kasance a buge a takarda, tana cikin aljihun tebur.

Zaman karanta wa yara labari

Wannan ne shirin da ya fi kowanne sauƙin farawa, kuma shi aka fi ɓatawa, don ana ɗauka duk wanda ya iya karatu ya iya karanta wa yara.

A raba yara da shekaru. 'Yan ƙasa da shekara uku minti 20 ya ishe su, kuma kowane yaro da babbansa a kusa. 'Yan uku zuwa biyar minti 30. 'Yan shida zuwa tara za su iya minti 45 in akwai aikin hannu a ƙarshe. Idan aka gwama ɗan shekara biyu da ɗan takwas, ƙaramin zai yi kuka, babban ya gaji ya fara tsokana. Yara 15 zuwa 20 sun isa zama ɗaya, da manya aƙalla biyu: ɗaya na karatu, ɗaya na lura da ƙofa da masu neman bayan gida. Kada a taɓa barin babba ɗaya shi kaɗai da yaro a ɗaki a rufe, ma'aikaci ne ko mai aikin sa-kai. Wannan kariya ce ga yaron, kariya ce kuma ga babban. Hoton yaro ba a ɗauka sai da izinin iyayensa, a rubuce.

Yara su zauna a shimfiɗa, a yi rabin da'ira, na gaba yana kimanin mita ɗaya da mai karatu. Mai karatu ya zauna a 'yar gajeriyar kujera, bayansa na bango. In ya ba taga baya, haske zai kashe wa yara ido, ba za su ga hoton ba. Littafin a riƙe shi a gefen kafaɗa, a buɗe, fuskarsa na kallon yara, mai karatu yana leƙa rubutun ta gefe. A kowane shafi a juya littafin a hankali daga dama zuwa hagu, don wanda ke can ƙarshe ma ya gani. Yaron da bai ga hoto ba zai miƙe tsaye, na bayansa ma ya miƙe, shi ke nan zama ya watse.

A tanadi littafi uku ga zaman minti 30, da na huɗu a ajiye. Mafi tsawo a fara da shi, lokacin da hankalinsu yake wuri ɗaya. Mafi gajarta da ban dariya a rufe da shi. Tsakanin littafi da littafi a sa su miƙe, su yi tafi ko waƙa mai motsa jiki ta minti biyu. Waƙar buɗewa da ta rufewa su zama iri ɗaya kowane mako, domin da ita ƙaramin yaro ke gane an fara, an kuma gama. Kowane littafi mai karatu ya karanta shi da ƙarfi sau biyu kafin ranar. Karatun zuci ba ya nuna inda harshe zai sarƙe, ba ya kuma nuna cewa labarin zai ci minti goma sha biyu maimakon shida.

Abu mafi amfani a zaman shi ne tambaya. A 1988 masanin halayyar yara Grover Whitehurst da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa yaran da ake yi wa tambayoyi ana jan su da magana yayin duba littafin hotuna sun fi ci gaba wajen furta kalmomi a kan waɗanda ake karanta wa kawai. Yadda ake yi: a nuna hoto a ce, "Me wannan yake yi?" Yaro ya ce, "Gudu." Sai a karɓa a ƙara masa kaɗan: "Ƙwarai, kare yana gudu, yana bin ƙwallo." Sai a bar shi ya maimaita. Bayan tambaya a yi shiru na daƙiƙa biyar. Manya kan gaji da jira su amsa wa kansu, nan ne amfanin ke zubewa. Tambaya biyu ko uku a littafi ta wadatar, in ta yi yawa zaren labarin ya tsinke. Ko da littattafan da ke kan kanta ba da harshen gidan yaran aka rubuta su ba, a yi hirar hoton da harshen da suka fi sakewa da shi.

A ƙarshe kada a bari su fita hannu rabbana. A jera littattafai 25 zuwa 30 a ƙasa kusa da ƙofa, bangonsu na sama, fom ɗin katin laburare da biro suna gefe. Uwar da ta yi wa ɗanta kati yau, dole ta dawo don mayar da littafi, kuma ranar zaman za ta zaɓa.

Ajin kwamfuta na manya

Kowane mai koyo da kwamfutarsa. In aka haɗa biyu, wanda ya ɗan iya zai riƙe linzamin kwamfutar, ɗayan ya koma ɗan kallo. Mutum shida zuwa takwas ga malami ɗaya da mataimaki, awa ɗaya da rabi, sau huɗu. Kowane zama ya ƙare da abu ɗaya da aka gama: yau an buɗe imel, mako mai zuwa an aika saƙo da takarda a maƙale, na uku an rubuta takardar neman aiki, na huɗu an cike fom a intanet daga farko har ƙarshe.

Dokar malami ita ce ya sa hannunsa a baya. Da zarar ya karɓi linzamin "don a yi sauri", mai koyo ya koyi abu ɗaya kawai, wato shi ba zai iya ba. Dattijon da ke neman harafi ɗaya a kan madannai na rabin minti yana koyo ne, a ƙyale shi.

Inda aji ke tsayawa cik sananne ne. Buɗe imel kan nemi lambar tantancewa da ake turowa ta waya, don haka tun wajen rajista a gaya wa kowa ya zo da wayarsa da caji, da tabaransa in yana sawa. Kalmar sirri ana mantawa da ita kafin mako ya zagayo: kowa ya rubuta tasa a kati da hannunsa ya tafi da shi gida, ma'aikaci kada ya gani, kada ya ajiye. Minti biyar na ƙarshe na fita daga asusu ne, a bi kwamfuta ɗaya bayan ɗaya a tabbatar, domin wani ne zai zauna a kanta gobe.

Ƙungiyar masu karatu, da nuna fim

Ƙungiyar masu karatu mutum takwas zuwa goma sha biyu ne da ke karanta littafi ɗaya, su haɗu su tattauna shi sau ɗaya a wata. Matsalarta kofe ne: a ƙirga kofe nawa ake da su, ko za a iya arowa daga wani reshe, kafin a sanar da sunan littafi, a kuma raba mako huɗu kafin zama. Watanni ukun farko a zaɓi gajere, ƙasa da shafi 200. Mai jagora ya zo da tambaya biyar waɗanda ba a amsa su da i ko a'a, ya fara da zagaye inda kowa zai yi magana minti ɗaya, don kada mai baki ɗaya ya cinye zaman. Wanda bai gama littafin ba ma ya zo.

Fim kuwa, mallakar faifai ko biyan kuɗin kallo a gida ba ya ba da izinin nuna wa taro. A yawancin ƙasashe dokar haƙƙin mallaka na buƙatar lasisi dabam, ko da kallon kyauta ne. A bincika kafin a buga sanarwa.

Sanarwa da manyan ranaku

Fosta ta ɗauki abu biyar da manyan haruffa: mene ne, don wa, yaushe, a ina, da kalmar "kyauta". A liƙa mako uku kafin farawa a inda mutanen da ake nema suke jira, kamar ƙofar makaranta da ɗakin jiran asibiti, da izinin masu wurin. A sa a Facebook da WhatsApp, amma gayyatar baki da baki a teburin aron littafi ta fi duka kawo mutane. Taron kyauta ba ya rasa waɗanda suka yi rajista ba su zo ba, saboda haka a buɗe jerin masu jira, a kuma tura tunatarwa ana gobe.

Akwai ranakun da suka dace da ƙaddamarwa: 21 ga Fabrairu ranar harshen uwa, 2 ga Afrilu ranar littattafan yara, 23 ga Afrilu ranar littafi ta duniya wadda UNESCO ta ayyana a 1995, da 8 ga Satumba ranar yaƙi da jahilci. Amfaninsu jawo sababbin fuskoki. Sharaɗin shi ne kowa ya fita da 'yar takarda mai ɗauke da ranar zama na gaba, in ba haka ba an yi biki ne kawai.

Bayan zama na shida

Tun daga ranar farko a riƙa rubuta lamba huɗu a kowane zama: mutum nawa suka zo, nawa ne suka taɓa zuwa, kati nawa aka buɗe, littafi nawa aka ara. Ta biyun ta fi nauyi. Mutum tara da ke dawowa kowane mako sun fi arba'in da suka zo sau ɗaya. In sababbi na zuwa amma ba sa dawowa, gyaran yana cikin zaman kansa: tsawonsa, ko yadda ake tarbar mutane. In 'yan kaɗan ne ke zuwa amma ba sa fashi, zaman lafiya lau yake, lokaci ko sanarwa za a duba. A sauya abu ɗaya kacal, a sake yin zama shida.

Sai a rubuta shirin duka a shafi guda: inda makulli yake, yadda ake jera ɗaki, tsarin zama minti-minti, waƙar buɗewa, lambar wanda za a kira. A liƙa shi a cikin ƙofar kabad ɗin kayan shirin, a kuma sa mutum na biyu ya jagoranci zama ɗaya cikin kowane huɗu, mai shirin yana zaune a baya yana kallo. Ranar da ya yi rashin lafiya ko aka yi masa canjin wurin aiki, na biyun ya buɗe kabad, ya shimfiɗa wa yara wurin zama ƙarfe goma saura kwata.