Yadda Ake Zaɓar Makarantar MBA da Neman Gurbi

Kafin ka duba sunan makaranta, ka tantance aikin da kake so bayan kammala MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, sannan ka tabbatar makarantar tana da shaidar inganci daga masu tantance makarantun kasuwanci, wato AACSB, EQUIS ko AMBA. A Amurka karatun yakan ɗauki shekara 2, alhali a INSEAD, makarantar kasuwanci da ke Faransa, wata 10 ne, wanda ke rage lokacin da za ka zauna ba albashi.

Ka rubuta jarrabawar neman gurbi ta GMAT ko GRE da wuri. Wasiƙar shaida kuwa, gara ta fito daga shugaban da ya san aikinka sosai, ba mai babban muƙamin da bai san ka ba. Ka miƙa takardunka a zagayen farko ko na biyu na karɓar takardun neman gurbi, tun gurabe da tallafin karatu ba su ragu ba.