Yadda ake zana kujerar da hannun robot zai iya bugawa

Kusan duk wanda na ga ya zo koyon wannan aiki, da zanen kujerarsa yake zuwa: ƙafa huɗu, mazauni, majingina, tana tsaye a kwamfuta gwanin sha'awa. Kuma kusan duk irin wannan zane ba ya buguwa. Na'urar da za ta yi aikin ba ƙaramar firintar 3D ta kan tebur ba ce. Hannun robot ne mai gaɓa shida, irin na KUKA ko ABB ko Fanuc da ke aiki a masana'antar haɗa motoci, an ɗaura masa injin narka ƙwayoyin roba a bakinsa. Robar tana fitowa kamar taliya daga injin murzawa, kaurinta ya kusa na ƙaramin yatsa, zafinta ya haura digiri 200. Ba ta son tsayawa. Idan ka ce ta ɗaga daga wannan ƙafa ta koma waccan, za ta bi hanya tana dalala, ta bar maka zare ko'ina.

Don haka abu na farko, ka daina zana kujera, ka zana layi. Layi guda ɗaya da zai zagaya ya komo inda ya fara ba tare da ka ɗaga alƙalami ba. Haka Dirk Vander Kooij ya yi a 2010 lokacin da yake kammala karatu a makarantar zane ta Eindhoven a ƙasar Holan. Ya samo tsohon hannun robot, ya niƙa robar cikin tsofaffin firji, ya fitar da kujerar da ya kira Endless, wadda igiyar roba ɗaya ce tun daga fari har ƙarshe. Kamfanin Nagami na Sifen da The New Raw na Rotterdam duk wannan hanya suka bi.

Na biyu, ka kwantar da kujerar a gefenta. Ka zana yadda take idan aka kalle ta daga gefe, wato ƙafar gaba ta hau ta zama mazauni, mazauni ya lanƙwasa ya zama majingina, ya sauko ta baya ya koma ƙasa. Wannan siffar ita robot zai yi ta maimaitawa, sahu bisa sahu, har tsayin ginin ya kai faɗin kujerar. Riba biyu ce. Babu inda roba za ta rataya a iska, sannan nauyin mai zama zai bi tsawon igiyar, ba zai nemi ɓamɓare sahu daga sahu ba, wanda nan ne raunin duk abin da aka buga. Ni ban yarda da kujerar da aka buga a tsaye ba, ko da ta fi kyau a hoto.

Ma'auni ba sabon abu ba ne: tsayin mazauni santimita 43 zuwa 46, zurfinsa kamar 40 zuwa 43, kusurwar da ke tsakanin mazauni da majingina digiri 100 zuwa 105. Sai dai ka tuna roba tana ɗan lotsawa idan an zauna. Kada ka yi kusurwa mai kaifi. Robot yana rage gudu a kwana, robar kuwa ba ta rage fita, sai ta taru ta yi ƙullutu. Ka ba kowace kwana lanƙwasa da ta fi faɗin igiyar. Inda layi biyu za su haɗu don su riƙe juna, misali ƙarƙashin mazauni, ka matso da su har su ɗan hau kan juna, milimita ɗaya ko makamancin haka. Idan kafaɗa kawai suka goga, a ido sun haɗu, amma ranar da mai jiki ya zauna za su rabu.

Kafin ka ci gaba, ka yi lissafin nauyi, don nan kuɗi ke tafiya. A ce layinka mita 4 ne, faɗin igiya milimita 8, kaurin sahu milimita 3. Da robar PETG, kowane sahu zai ci kusan giram 120. Kujera mai faɗin santimita 45 tana buƙatar sahu 150, kenan kilo 18. Duk wani ado da ya ƙara rabin mita a layin ya ƙara maka fiye da kilo 2, ga kuɗin roba, ga wahalar ɗauka.

Yanzu ga inda ni na sha kashi, kuma inda nake so ka tsaya sosai: lokacin zagaye. Wato daƙiƙa nawa robot yake ɗauka kafin ya komo kan wurin da ya bari. Duk wanda ya ga ana ginin ƙasa ya san magini ba ya ɗora tubali sahu goma a rana ɗaya, sai na ƙasa ya sha iska. Roba ma haka take, sai dai ita tana da iyaka ta biyu. Idan ka dawo da wuri, sahun ƙasa bai ƙanƙame ba, zai baje. Idan ka makara, ya huce ya yi sanyi, sabon sahu zai zauna a kansa kawai ba tare da sun narke cikin juna ba.

Na taɓa zana kujera da ke tsukewa a gefe ɗaya, layin yana raguwa daga mita 4 zuwa abin da bai kai mita ɗaya da rabi ba. A gudun milimita 50 a daƙiƙa, zagayen farko daƙiƙa 80 ne, komai lafiya. Da aka kai sahun sama, zagayen ya koma ƙasa da daƙiƙa 30. Ina tsaye na ga bangon ya fara sheƙi, ya yi tumbi waje ɗaya, bakin injin ya nutse cikinsa yana turo roba gefe kamar mai tuƙa tuwo. Awa uku na aiki da kilo goma sha wani abu suka tafi cikin minti biyar. Laifin ba na na'ura ba ne, na zanen ne.

Maganin shi ne ka sa tsawon layin ya zama kusan ɗaya daga sahun farko zuwa na ƙarshe. Idan dole ya ragu, ka rage gudun robot da fitar roba tare, a manhajar zane ta Grasshopper ana iya ɗaura gudun a kan tsawon kowane sahu. Ko kuma ka buga kujera biyu a jere, don zagayen ya ƙara tsawo. Ka sayi ma'aunin zafi na hannu, irin mai kama da bindiga, ka riƙa auna sahun da ke gaban bakin injin. Ka fara buga zobe mai sahu 20, ka bar shi ya huce, ka sa guduma. Idan ya tsage a tsakanin sahu, ka yi jinkiri da yawa. Wannan gwaji kilo biyu zai ci maka, ba goma sha takwas ba.

Idan kana son kujerar ta ɗan yi ciki ko ƙugu, kowane sahu zai iya zamewa kaɗan daga na ƙasansa, amma ni ba na barin bangon ya karkata fiye da digiri 30 daga tsaye.

Game da roba, PETG nake zaɓa. PLA tana da sauƙin bugu, amma tana fara laushi wajen digiri 60, kujera mai duhun launi a ranar bazara irin tamu za ta iya kaiwa kusa da nan. PP kuma tana kanannaɗewa, tana ɓallewa daga faifan bugu. Ka busar da ƙwayoyin PETG a digiri 65 na awa huɗu zuwa shida, in ba haka ba igiyar za ta fito da kumfa. Wurin da kowane sahu yake farawa yana barin tabo, ka ɓoye shi a ƙarƙashin mazauni. In an gama, ka bar kujerar ta huce a kan faifan, ka goge gefen da ya kwanta a ƙasa, ka liƙa mata takalmin roba mai laushi, sannan ka ɗora mata buhunan yashi su kwana kafin ka bar mutum ya zauna.