Yadda ake shirya baje kolin hotunan da ba a bambanta mai laifi da sauran jama'a

Abin da ake so shi ne mai kallo ya tsaya gaban bango yana neman fuskar mai laifi, ya rasa. Salon da za ka ara na hoton 'yan sanda ne, wanda Alphonse Bertillon, jami'in 'yan sandan Faransa, ya daidaita a Paris a 1888: ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe.

Ka nemi mutum 12, huɗu daga ciki waɗanda suka gama zaman gidan yari. Kowa ya sa hannu a takardar amincewa da ta fayyace inda za a rataye hoton. Kada ka ɗauko hotunan da 'yan sanda suka fitar, don wanda aka kama ba lallai ne kotu ta same shi da laifi ba.

Wurin ɗauka ne aikin yake yawan lalacewa. Bango ya zama mai ruwan toka, riga iri ɗaya ga kowa, kyamara daidai tsayin ido, tazarar mita biyu, da gilashin kyamara mai milimita 85. Idan ka matso da waya kusa, hanci zai kumbura, kunnuwa su ja baya, fuskar ta koma abin tsoro. Haske ya zo daga gaba, a ɗan sama kaɗan. Hasken da ya taso daga ƙasa yana munana kowace fuska. Sa tef a ƙasa inda za a tsaya, kuma kada ka taɓa fitilar har ka gama. Da zarar hoto ɗaya ya fi duhu, shi za a nuna da yatsa, ka zalunci mai shi.

Ka ƙara haɗaɗɗen hoto guda, wato fuskoki huɗu da aka ɗora kan juna suka zama fuska ɗaya. Francis Galton, masanin kimiyya ɗan Birtaniya, ya gwada wannan a shekarun 1870, ya ɗora fuskokin fursunoni kan juna yana neman kamannin mugu, sai fuskar da ta fito ta zama ta mutumin kirki. A kwamfuta, daidaita idanu tukuna, sannan ka ba hoton farko ƙarfin bayyana kashi 100, na biyu 50, na uku 33, na huɗu 25. Idan ka ba duka 50, na sama zai danne sauran.

Buga su girma ɗaya, santimita 30 da 40, tsakiyarsu santimita 150 daga ƙasa, ka jera su ta hanyar ƙuri'a. A bakin ƙofa rubuta cewa huɗu sun taɓa zaman gidan yari, amma kada ka taɓa faɗin su wane ne, ko da bayan an rufe baje kolin.