Kurakuran da ke ɓata sanwic ɗin niƙaƙƙen nama mai romo, da gyaransu

A Amurka suna kiransa Sloppy Joe. Niƙaƙƙen naman shanu ne da aka soya da albasa, aka dafa cikin jan romo mai kauri, mai ɗan zaƙi da ɗan tsami, sannan aka zuba a tsakiyar zagayayyen burodi. Abincin dare ne na ranar da uwa ta dawo daga aiki a gajiye, kuma ana yawan ba yara shi a makarantu a can. Danginsa na kusa shi ne sanwic ɗin warwararren nama na jihar Iowa, wanda gidan abincin Maid-Rite ke sayarwa tun 1926, sai dai nasu ba shi da jan romo. A 1969 kamfanin Hunt's ya fitar da romon a gwangwani da sunan Manwich, daga nan aikin ya koma soya nama kawai a juye gwangwani.

Mu nan daga tushe muke haɗawa, kuma hakan ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce hannunmu ya saba da miya. Ranar da ƙanwata ta fara gwadawa, bayan magariba ta kira ni, muryarta duk ba daɗi.

"Yaya, na yi abin nan da kika ba mu ranar Juma'a, amma ya zama kamar fate. Burodin ya jiƙe ya narke a hannun yara."

Na ce ta faɗa mini yadda ta yi daga farko. Ta wanke naman bayan an niƙa, ta tafasa shi da albasa da dunƙule, ta zuba markaɗen tumatir da tattasai, ta ƙara mai, ta rufe tukunya. Duk abin da ta yi daidai ne in da jar miyar shinkafa take yi. Wannan kuwa ba miya ba ce. Nama ne da romo ya riƙe shi, kuma duk aikin a wurin korar ruwa yake.

Kuskuren kan soma tun daga teburin mahauci. Yawancinmu idan za mu niƙa nama mukan ce a ba mu tsoka zalla. Shanunmu na kiwo ne, sun sha tafiya, namansu ba kitse sosai, saboda haka tsoka zalla idan ta sha wuta sai ta bushe ta zama kamar tsakuwa a baki. Abin da ake so shi ne kashi 80 tsoka, kashi 20 kitse. A rabin kilo ke nan giram 400 na tsoka da giram 100 na kitse. Ni nakan ce, "Malam, a sa mini ɗan tozo a ciki, a kuma cire jijiyar da farar yanar nan." Tozo shi ne ya fi dacewa, don kitsensa a cuɗe yake da naman. Jijiya kuwa minti 30 ba ya isarta ta yi laushi, za ta zauna tana maƙale wa yara a haƙori. Rabin kilo yana cika burodi biyar zuwa shida.

Sai niƙan kansa. Kada ki kai injin markaɗen unguwa, kada kuma ki zuba ruwa a bilenda don ya taimaka mata ta juya. Naman zai fito kamar ƙullu, idan ya dahu ya dunƙule wuri ɗaya. In babu injin niƙa nama, ki yanka ƙanana, ki sa a firiza na minti 20 ya ɗan sandare, sannan ki riƙa zuba kaɗan-kaɗan a bilenda kina kunnawa kina kashewa. In ba wuta, mahauci ya daddatsa miki da wuƙa a kan katako mai tsabta. Wankewa kuma kafin niƙa ake yi, a bar shi a kwando ya tsane sarai. Niƙaƙƙen nama idan ya shiga ruwa, ɗanɗanonsa ya bi ruwan, shi kuma ya sha wanda zai amayar miki a kasko.

Yanzu ga inda aka fi yin asara, wato suyar. Ba a tafasa wannan naman kafin a soya, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, ko waɗanda ba su tafasa ba sukan dafa shi ba da saninsu ba. Sai a ɗauko ƙaramar tukunya mai zurfi, a juye naman duka tun ba ta yi zafi ba, a kama juyawa. Cikin minti biyu ruwa ya taso, naman ya koma launin toka yana ɓararraka. Dalilin mai sauƙi ne. Ruwa ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyas komai ƙarfin wutar, shi kuma launin nan na suya mai ƙamshi, irin wanda kike gani a gefen balangu, ba ya fitowa da kyau sai zafi ya kai wajen digiri 140. Muddin akwai ruwa kwance a kaskon, dahuwa ake yi.

Gyaran shi ne ki nemi kasko mai faɗi da kaurin gindi. Ki ɗora shi ya yi zafi sosai, ki zuba mai cokali ɗaya, ki baza naman ki ɗan danna shi da bayan ludayi, sannan ki cire hannunki. Minti uku zuwa huɗu kada ki taɓa. Kunnenki ne zai yi miki aiki: da farko za ki ji ƙara mai kauri ta ruwa, can sai ta sauya ta koma siririyar ƙarar suya, cau-cau. Ki ɗaga gefe ɗaya ki duba. In ƙasan ya yi ja mai duhu, ki juya ki fara farfasa shi da muciya har ya warware ƙanana, kada ya wuce girman ƙwayar wake. In kaskonki ƙarami ne, ki raba naman biyu ki soya sau biyu. Ƙarin minti biyar ne, kuma shi ne bambancin abincin da za a cinye da wanda za a bari a faranti. Abin da ya kama a gindin kaskon, in dai bai yi baƙi ba, kada ki kankare ki zubar. Idan ruwan romon ya shiga zai narke, rabin daɗin yana nan.

In kin riga kin yi kuskuren, ruwa ya cika kaskon, ba a yi asara ba tukuna. Ki tsiyaye ruwan a kofi ki ajiye, ki ƙara wuta naman ya soyu, daga baya ki mayar da wannan ruwan a matsayin ruwan romo.

Maganar mai gajera ce. A miya muna son mu ga mai ya taso, a nan kuwa man da ya taso burodi zai bi ya gangaro har gwiwar hannu. Bayan naman ya soyu, ki karkata kaskon ki kwashe kitsen da ya narke, ki bar kamar cokali biyu. A cikinsa za ki soya albasa babba ɗaya da koren tattasai ɗaya, yankan ƙanana daidai da girman naman, har su yi laushi, minti biyar. Tafarnuwa guda uku a ƙarshe take shiga, don saurin ƙonewa gare ta. Wadda ta zuba ɗanyar albasa cikin romo za ta ji ta tana ƙaras-ƙaras har a gama ci.

Romon shi ne wuri na biyu da ya kamata a tsaya. Ɗanyen markaɗen tumatir kusan duk ruwa ne, kafin ya ƙafe naman ya gaji da wuta. In shi kike da shi, ki dafa shi daban ya tsotse tukuna. Abin da ya fi sauƙi shi ne ƙaramin tumatirin gwangwani mai giram 70. Ki ture naman gefe, ki soya tumatirin a tsakiyar kaskon na minti biyu har launinsa ya yi duhu, warin gwangwanin ya fita. Sannan ki zuba kecap cokali huɗu, da ruwa kofi ɗaya, ki gauraya kina goga gindin kaskon.

Amurkawa suna ƙara wani baƙin ruwan ɗanɗano da ake kira Worcestershire, wanda kamfanin Lea & Perrins ya fara sayarwa a garin Wusta na Ingila a 1837. Ba kowane kanti ke da shi ba, kuma da tsada. Amma in kin duba abin da aka haɗa shi da su, akwai tsamiya a ciki, tare da ruwan kal da ƙananan kifi. Don haka ba sai kin wahala ba. Ki jiƙa tsamiya kaɗan da ruwan ɗumi, ki tace, ki zuba cokali biyu na ruwanta mai kauri. Ni har dakakkiyar daddawa nake sawa, ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, don ta maye gurbin kifin. Fiye da haka sai ya koma ƙamshin miyar kuka, ba nan muka dosa ba.

A nan ne hannun miya yake sake shigowa. Mun saba kashe tsamin tumatir da kanwa ko bakin soda. Kada ki sa. Tsamin nan shi ke yanke nauyin kitse, idan ya mutu abincin sai ya yi lami ya gundure mutum tun a loma ta uku. Da sukari ake daidaita shi, shi ma da hankali. Girke-girken Amurka sukan ce a sa cokali ɗaya ko biyu na jan sukari, amma kecap yana da sukari, burodinmu kuma ya fi yawancin nasu zaƙi. Ki fara da ƙaramin cokali ɗaya ki ɗanɗana. In zaƙi ya yi yawa, tsamiya za ki ƙara. In tsami ya yi yawa, sukari kaɗan. Gishiri da dunƙule ki sa rabi da farko, ragowar sai romon ya ƙafe, domin abin da ya yi daidai a ruwa kofi ɗaya zai yi yawa idan ruwan ya koma rabi. In gishirin ya riga ya zarce, ki soya ƙarin albasa da karas gogagge ki zuba. Attaruhu kuma, tunda da yara za a ci, rabin guda ya isa, manya su barbaɗa yaji a nasu. Masoro yana shiga da kyau. Kori da kanumfari ki ajiye su sai wani girkin.

Ki rage wuta, ki bar kaskon a buɗe minti 10 zuwa 15. Rufewa tana mayar da tururi ciki, ruwan da kike kora ya dawo. Yadda za ki gane ya yi: ki ja ludayi a tsakiyar kaskon kamar kina tsaga hanya. In gindin kaskon ya bayyana ya ɗan jima kafin romon ya rufe shi, ya yi. In ya rufe nan take, da saura. Wasu sukan yi gaggawar zuba fulawa don ya yi kauri, sai abin ya yi danƙo. Haƙurin minti biyar ya fi. In kuma ya bushe har yana warwatsewa, ruwa cokali biyu ko uku zai dawo da shi. Bayan kin sauke ki bar shi minti biyar, zai ƙara kama jikinsa.

Ko romon ya yi daidai, burodi yana iya kayar da ke. Yankakken burodin shayi mai laushin nan ba ya jure wa danshi ko na minti ɗaya. Ki nemi zagayayye, ki tsaga, ki shafa bota a cikin, ki kifa a kasko har ya yi ja ya ɗan yi ƙarfi. Wannan gasasshiyar fuskar ita ce katangar da ke tsakanin romo da cikin burodin. In babu zagayayye, ki sami burodin da ba a yanka ba, ki yanka da kauri ki gasa. Gurasa ma tana yi ƙwarai, a ganina har ta fi, don tana shan romo ba ta narke ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suke da dogon burodin nan na Faransa mai ɓawo, su kam sun huta. Kada kuma ki haɗa sanwic ɗin ki jera a kula kina jiran maigida ya dawo daga masallaci. Naman a kula, burodi a faranti, kowa a zuba masa lokacin da zai ci. Ludayi ɗaya ya isa kowane burodi. Yankakken gurji ko kabeji a kai yana ƙara armashi.

Saura abu ɗaya da ba na wasa da shi. Ƙwayoyin cuta a saman tsoka suke zama, idan an niƙa sai su shiga ko'ina. Shi ya sa hukumar noma ta Amurka ta ce niƙaƙƙen naman shanu ya kai digiri 71 a ciki kafin a ci. In kin soya sannan ya yi minti 10 yana tafasa a romo, ya wuce haka. Haɗarin yana gaba da bayan girkin. Naman da aka niƙa da safe kada ya wuni a leda a kan tebur, ko dai a dafa nan da nan ko ya shiga firji. Ragowar da aka ci aka bari kada ya wuce awa biyu a waje, in zafin gari ya haura digiri 32, kamar yadda yake yi mana a watan Afrilu, awa ɗaya ce. A firjin da wutarsa ba ta yankewa yana kwana uku zuwa huɗu. In wutarku ba tabbas, ki dafa daidai cikinku.

Ƙanwata ta sake gwadawa bayan mako biyu. Ta soya naman sau biyu a kaskon suyar ƙwai, don shi ne mai faɗin da take da shi, ta gasa gurasa huɗu. Ta ce ƙaramin nasu da ya gama nasa, sai ya gutsuri gurasa ya tafi kicin yana suɗe kaskon.