Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran tsohon gidan ƙasa a cikin garin Bauchi

Wanda ya gaji gidan ƙasa a cikin gari, ko a Jahun ne ko ta wajen Ƙofar Dumi, da kuɗi sun shigo hannu siminti ne ke fara faɗo masa a rai. To, daga nan ɓarna take somawa.

Bangon tubali yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Idan aka lulluɓe shi da filastar siminti, danshin ya rasa mafita, sai ƙasa ta riƙa lalacewa ta ciki alhali waje sumul. Ƙwanƙwasa irin wannan bango, za ka ji yana amsawa kamar ganga: filasta ta rabu da jikin gini ke nan, ranar da za ta zubo kuwa har da tubalan bayanta. Gyaran shi ne a ɓamɓare simintin a hankali, a bar bango ya sha iska, a yi yaɓe da jar ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa ta yi kwanaki tana tsima, sannan a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Fentin mai ma toshe bango yake yi.

Wasu kuma da ado suke farawa, soro na yoyo. Fara da sama. Duba indararo: in ya toshe ko ya yi gajere, ruwa a gindin bango yake zuba, kuma ta gindi ginin ƙasa ke mutuwa. Sa mai tsawo, ka yi wa ruwan lungu hanya.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne cire azara don a kafa kwano. Azarar giginya ba ta cika jin gara ba, sau da yawa ƙarshenta da ke cikin bango ne kaɗai ya ruɓe. A canza wadda ta mutu, a bar sauran. Haka ma kuskure ne fasa bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe da rufi, ko ginshiƙi wai don faɗaɗa zaure, ko ɗora bulo a kan bangon ƙasa. Kafin a taɓa ɗaurin guga, wato rufin soron da irin waɗannan bakuna ke ɗauke da shi, a nemo tsohon magini ya gani, birkila bai koyi wannan aikin ba.

Sai izini. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, aikin mashahurin magini Babban Gwani Muhammadu Durugu, yana cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, kuma irinsa ba a sauya masa fasali sai da yardar hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Gidanka bai kai nan ba wataƙila, amma in ya jingina da ganuwa ko tsohon masallaci, sanar da mai unguwa da hukumar raya birane kafin ka kira lebura. Gidan gado ne? Sauran magada su amince a rubuce.

Aikin ƙasa na rani ne. A fara bayan kaka, yaɓe ya bushe tun kafin ruwan farko.