Yadda Ake Samun Kuɗi Ta Hanyar Sayar Da Hotuna A Rumbunan Hoto Na Intanet

Duk wanda ya taɓa buɗe mujalla ko shafin wani banki ya ga hoton mace tana murmushi riƙe da waya, ko manomi a tsakiyar gonar masara, da wuya a ce kamfanin ne ya tura mai hoto musamman ya ɗauko. Galibi sayo shi aka yi daga kamfanonin da suke tara miliyoyin hotuna a rumbunsu suna sayar wa masu talla, 'yan jarida, mawallafa littattafai da masu tsara shafukan intanet. Waɗannan kamfanoni dillalai ne: mai hoto ya kawo kayansa, su nemo masu saye, sannan a raba kuɗin, sai dai a wannan kasuwa dillalin ne yake ɗaukar kaso mafi tsoka.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne ba hoton kansa ake sayarwa ba, izinin amfani da shi ake sayarwa. Haƙƙin mallaka yana nan a hannun wanda ya ɗauka, kuma hoto ɗaya zai iya sayuwa sau ɗari ga mutane daban-daban a ƙasashe daban-daban ba tare da ya ƙare ba. Wannan shi ne daɗin sana'ar. Ɗacinta kuwa shi ne farashin kowane saye ya yi ƙasa ƙwarai tun lokacin da iStockphoto, wanda Bruce Livingstone ya kafa a Kanada a shekarar 2000, ya buɗe ƙofa ga waɗanda ba ƙwararru ba, sannan Jon Oringer ya kafa Shutterstock a New York a 2003 da hotuna kusan 30,000 da ya ɗauka da kansa. Babban kamfanin sayar da hotuna Getty Images ya saye iStockphoto a 2006 a kan dala miliyan 50, Adobe kuma ya saye Fotolia ya buɗe Adobe Stock a 2015. Akwai kuma Alamy na Ingila, wanda aka kafa a 1999, da Dreamstime da wasu ƙanana.

Kafin mutum ya sa rai, gara ya yi lissafi. Tun watan Yunin 2020 Shutterstock yana biyan mai hoto tsakanin kashi 15 zuwa kashi 40 cikin ɗari na abin da aka saya, gwargwadon yawan sayen da ya samu a shekarar, kuma ranar 1 ga Janairu kowa yana komawa matakin farko. Mafi ƙanƙantar abin da ake samu a saye ɗaya santi 10 ne na dalar Amurka. Idan duk cinikin mutum ya zo a wannan farashi, sai an sauke hotunansa sau 250 kafin ya tara dala 25. Adobe Stock yana bayar da kashi 33 a hoto, kashi 35 a bidiyo, kuma yana barin a ciri kuɗi idan sun kai dala 25. A iStock, wato iStockphoto, wanda bai keɓe musu hotunansa su kaɗai ba kashi 15 yake samu. Lokaci-lokaci akan sami saye mai tsoka, misali idan wani zai buga hoton a kan kayan da zai sayar, amma ba a gina lissafi a kansa. Wanda yake da hotuna 50 kacal a rumbu yana iya shafe watanni bai ga ko sisi ba. Masu samun abin kirki su ne waɗanda suka tara dubbai a cikin shekaru. Saboda haka a ra'ayina kada wanda yake ɗaukar hotunan biki da suna ya bar sana'arsa saboda wannan, ya ɗauke shi a matsayin adashen da ake zubawa kaɗan-kaɗan.

Rajista ba ta da wahala kuma kyauta ce. Ana buɗe asusun mai bayar da hotuna, wanda ya bambanta da asusun mai saye, kuma dole mutum ya kai shekara 18. A rubuta suna daidai yadda yake a katin shaida ko fasfo, domin saɓanin harafi ɗaya tsakanin Muhammad da Mohammed yana iya riƙe kuɗi a ranar biya. Duk shafin da ya nemi kuɗin rajista kafin ya karɓi hoto, a guje shi. Ina ba sabon shiga shawarar kada ya yi yarjejeniyar keɓewa da kamfani ɗaya tun farko, ya zuba hotunan iri ɗaya a wurare biyu ko uku ya ga inda suka fi tafiya.

Batun na'ura bai kai yadda ake tsoronsa ba. Shutterstock da Adobe Stock suna karɓar hoton da girmansa ya kai megafiksel 4, abin da kusan kowace wayar zamani ta wuce. Matsalar tana wajen tsabtar hoto. Masu tantance hotuna na kamfanin suna buɗe shi a cikakken girmansa, kuma a nan ne ake ganin dishi-dishin da duhu yake haifarwa, da rashin kaifi, da ɗigon ƙurar da ta shiga cikin kyamara, wadda a lokacin hunturu ba ta raga wa kowa a ƙasar Hausa. Mai hoto ya yi wa kansa irin wannan binciken kafin ya tura. Hasken safe da na bayan la'asar sun fi na tsakar rana, wanda yake sa inuwa mai kauri a ƙarƙashin ido da hula. A wajen gyara kuma a yi sassauci: kada a cika launi har shinkafa ta koma ruwan ɗorawa, kada a sa suna ko tambari ko kwanan wata a jikin hoton, a ajiye shi a tsarin JPEG mai inganci mafi girma. Tura hotuna ashirin na abu ɗaya da bambancin taku ɗaya ma yana jawo a ƙi su duka. A zaɓi biyu ko uku mafi kyau.

Yanzu sai babbar tambaya, wato me za a ɗauka. Kuskuren da kusan kowa yake fara yi shi ne tura faɗuwar rana, furanni da kyanwa, abubuwan da rumbunan suka cika da su har sun yi ambaliya. Mai saye ba kyan hoto kawai yake nema ba, yana neman hoton da zai yi masa aiki: wanda zai raka labari a kan tsadar abinci, ko tallar asusun banki, ko littafin makaranta a kan noman rani. A nan ne mai hoto da ke zaune a Kano ko Maraɗi ko Zariya yake da abin da na Landan ba shi da shi. Duk wanda ya bincika waɗannan rumbuna zai ga hotunan Afirka sun karkata ga namun daji da yanayin talauci, alhali rayuwar yau da kullum ba ta samu wakilcin da ya dace ba: malamar asibiti da hijabinta tana auna jinin mai ciki, tela a kan kekensa, mai POS yana ƙirga kuɗi, ɗalibai a gaban kwamfuta, mai sayar da tumatir a kasuwar 'Yankaba, iyali suna buɗa-baki. Abinci ma fage ne mai faɗi, kuma ba ya bukatar izinin kowa. Tuwon shinkafa da miyar taushe, masa, kilishi, fura da nono a ƙwarya, zoɓo, dambun nama, idan aka jera su a wuri mai tsabta kusa da taga, aka bar fili a gefe ɗaya inda mai talla zai sa rubutunsa, sun fi hoton faɗuwar rana dubu amfani. Barin wannan filin ƙaramar dabara ce da take ƙara wa hoto kasuwa sosai.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Masu talla suna shirya aikinsu tun da wuri, don haka hotunan azumi da Sallah a zuba su wata biyu ko uku kafin lokacin, wanda ke nufin sau da yawa abin da aka ɗauka bana sai baɗi zai yi kasuwa.

Inda aka fi samun cikas shi ne takardu. Hotuna kashi biyu ne a wajen waɗannan kamfanoni: na talla da na labari. Hoton talla shi ne wanda kamfani zai iya amfani da shi wajen tallata hajarsa, kuma duk mutumin da za a iya gane shi a ciki dole ya sa hannu a takardar amincewa, wadda kowane kamfani yake da samfurinta a shafinsa. Idan yaro ne, uba ko uwa ko waliyyi ne zai sa hannu. Haka kuma ba a yarda wani tambari ya fito ba, kuma tambura sun fi yawa fiye da yadda ido yake lura: rigar ƙwallon Arsenal a jikin yaro, sunan kamfani a bayan waya, rubutun ledar ruwa, lambar mota, hoton ɗan siyasa a bayan A Daidaita Sahu. Ko dai a kauce musu tun wajen ɗauka, ko a goge su wajen gyara. Wasu gine-gine da ayyukan zane ma suna bukatar izinin mai su. Sanannen misali shi ne hasumiyar Eiffel ta Faransa, wadda hotonta da rana ba shi da matsala, amma fitilun da ake ƙawata ta da su da dare suna da haƙƙin mallaka.

Game da takardar amincewa akwai amanar da ta wuce sa hannu. Takardar galibi da Turanci take, kuma wanda ya sa hannu ya yarda ke nan hotonsa ya fito a kowace ƙasa, a tallar da shi da mai hoton ba su da ikon zaɓa, kuma wanda ya riga ya saya ba a iya karɓewa daga hannunsa. Wajibi ne a yi wa mutum wannan bayani da Hausa dalla-dalla kafin ya dangwala hannu, musamman idan mace ce, domin hoton matar aure ko budurwa da ya bayyana a allon talla ba da sanin gidansu ba yana iya tayar da fitinar da dala goma ba za ta kashe ba. Wanda ya nuna shakka, a bar shi. Sau da yawa hannaye kaɗai sun isa: hannun da yake dama fura, ko yake saƙa hula, ko yake riƙe da carbi, yana ba da labari ba tare da fuska ta fito ba, ko da yake wasu masu tantancewa sukan nemi takarda idan akwai wata alama a jiki da za a iya gane mutum da ita.

Hoton labari kuwa ba ya bukatar wannan takarda, domin jaridu da littattafai ne kawai za su yi amfani da shi, ba masu talla ba. Nan ne Hawan Daushe da sauran hawan Sallah na Kano, waɗanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a Disambar 2024, da bikin kamun kifi na Argungu, da karofin Ƙofar Mata, da masallacin Agadas suke shiga. Sharaɗinsa shi ne gaskiya: ba a goge komai, ba a ƙara komai, kuma bayaninsa yana farawa da gari, ƙasa da ranar da aka ɗauka, sannan abin da yake faruwa. Rashin bukatar takarda bai ɗauke ladabi ba. A nemi izinin masu wuri, a kuma nisanci barikin soja, shingen jami'an tsaro da filin jirgin sama.

Bayan hoto ya yi kyau, abin da yake sa a gan shi a cikin ɗaruruwan miliyoyi shi ne take da kalmomin nema. Da Turanci ake rubuta su, domin da shi yawancin masu saye suke bincike. Shutterstock yana karɓar kalmomi 7 zuwa 50, Adobe Stock kuma yana ba kalmomi goma na farko nauyi fiye da sauran, don haka a fara da mafi muhimmanci. A ambaci abin da yake cikin hoton, da wurin, da ma'anar da yake ɗauke da ita, kamar ciniki ko lafiya ko ilimi. Sunan abu na Hausa, irin su kilishi ko kunun aya, a sa shi tare da bayaninsa na Turanci, saboda wanda ya san sunan da shi zai nema, kuma masu gasa a kan wannan kalma kaɗan ne. Cusa kalmomin da ba su da alaƙa da hoton don a jawo ido yana iya sa a ƙi shi. Wanda yake amfani da manhaja irin Lightroom zai iya rubuta take da kalmomin a cikin fayil ɗin sau ɗaya, kowane shafi ya karanto su da kansa, abin da yake rage wahala da cin data.

Hotunan da ƙirƙirarriyar basira take haɗawa sun shigo kasuwar, kuma kamfanonin ba su yi ittifaƙi a kansu ba: Adobe Stock yana karɓa idan an bayyana cewa na'ura ce ta yi, Getty Images kuwa ya hana tun 2022. Tura irin wannan hoto a matsayin na kyamara, ko tura hoton wani da aka samo a Facebook, hanya ce ta rasa asusu gaba ɗaya.

Saura karɓar kuɗi. Da yake manyan kamfanonin na Amurka ne, za a nemi mai hoto ya cike takardar haraji mai suna W-8BEN, wadda take tabbatar da cewa shi ba ɗan Amurka ba ne. Najeriya, Nijar da Gana ba su da yarjejeniyar haraji da Amurka, saboda haka ana cire kashi 30 daga cinikin da aka yi da masu saye na cikin Amurka, ban da na sauran ƙasashe. Wanda bai cike takardar ba yana iya fuskantar cirewa daga dukkan cinikinsa, don haka a gama da ita tun ranar rajista. Hanyoyin biya da aka saba su ne PayPal, Payoneer da Skrill. An shafe shekaru da dama a baya asusun PayPal na Najeriya yana aikawa kawai ba ya karɓa, shi ya sa masu wannan sana'a da yawa suka rungumi Payoneer, wanda yake tura kuɗi zuwa asusun banki na gida. A buɗe shi da suna iri ɗaya da na asusun hotuna, kuma tun da akwai cajin da ake yanka wajen cirewa da canji, ya fi riba a bar kuɗin su taru a cire su gaba ɗaya maimakon a riƙa tsintar su kaɗan-kaɗan.