Redis na ƙin aiki lokacin shiga? Ku daina kashewa da kunnawa

Na gaji da saƙo iri ɗaya kan Redis, manhajar da ke riƙe wa shafin intanet bayanai a memory, daga samarin da ke kula da saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) a Garwa da Marwa: "Yaya, Redis ya sake tsayawa, mutane sun kasa shiga." Me kuka yi? "Mun kashe mun kunna." Ai kun share sawun ɓarawo ke nan. Kafin ku taɓa komai, ku buga umarnin INFO memory don ganin yawan memory da ya ci, ku karanta log, wato bayanan abin da ya faru.

Ku lura, shafi yakan buɗe lafiya, sai an zo shiga yake maƙalewa. Shiga rubutu ne, dole a ajiye sabon session, wato shaidar cewa mutum ya shiga. Redis kuwa in ya kai maxmemory, wato iyakar memory da aka sa masa, tsarinsa na asali noeviction ne, ba ya korar komai: zai karanta, amma ba zai rubuta ba, sai ya jefo OOM, saƙon cewa memory ya cika. In ba ku sa iyaka ba sam, Linux ne zai kashe shi da kansa. Ku duba dmesg, inda Linux ke rubuta hakan.

Me ya cika shi? Session marar wa'adi, kuma wannan ne ya fi ɓata mini rai. Wata makaranta a Ngaundare ta kira ni ranar rajista, iyaye sun yi cirko-cirko a ƙofa. Na buga TTL, umarnin duba sauran wa'adi, ya ba ni -1, wato babu wa'adi. Yaron da ke kula musu da saba ya rantse ya sa EX, mai saka wa'adi. Gaskiya ya sa, amma duk sanda aka sabunta session yana sake SET, umarnin ajiyewa, tsurarsa ba EX, wanda ke goge wa'adin farko. Haba ƙanena! Ko ka maimaita EX, ko ka sa KEEPTTL, mai riƙe tsohon wa'adi, in Redis ɗinka ya kai 6.0. Kada kuma ka fake da tsarin korar bayanai na volatile-lru, masu wa'adi kaɗai yake kora. Ni awa takwas nake ba session, kuma ba na haɗa shi da cache, wato ajiyar wucin gadi don sauri, a Redis guda, ko da wasu za su ce ɓarnar kuɗi ce.

Sai saƙon kuskure na MISCONF. Redis ya kasa ajiyewa a faifai ne, sai ya rufe rubutu. Masu gaggawa sukan mayar da stop-writes-on-bgsave-error zuwa no, su tafi shan shayi. Ranar da aka ɗauke wuta za su gane kurensu. A duba ko faifai ya cika, a sa saitin Linux na vm.overcommit_memory ya zama 1.

Umarnin KEYS *, mai jero duk abin da ke ciki, a kan saba mai aiki yana tsayar da kowa, ga SCAN nan mai yi kaɗan-kaɗan. Buɗe sabon haɗi kowace shiga ba rufewa zai kai ku bangon 10000 na maxclients, iyakar haɗin da Redis ke karɓa. Ƙofar Redis ta 6379 kuma a rufe ta daga intanet tun ranar da aka girka.